Yadda Mai Rage Ƙiba Zai Amsa Gayyatar Cin Abinci Ba Tare da Ya Rushe Tsarinsa Ba

Masu ƙoƙarin rage ƙiba sukan ji sauƙin abin a gida, inda tukunya da ludayi suke hannunsu, amma da zarar an gayyace su biki ko liyafa ko cin abinci a waje, sai hankalinsu ya tashi. Wasu su ƙaurace wa jama'a, abin da ba ya ɗorewa kuma yake raunana zumunci, wasu kuma su je su ci fiye da ƙima, sannan su yanke cewa tsarin ya riga ya wargaje. Mafita ita ce mutum ya riƙa yin lissafin abincinsa a kan mako guda, ba a kan zama ɗaya ba.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki. Wanda yake cin ƙasa da abin da jikinsa yake ƙonawa da kalori 500 kullum ya tara giɓin 3,500 a mako, kusan rabin kilo ke nan, tun da kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Idan a wata liyafa ya ƙara 800 a kan abin da ya tsara, har yanzu yana da 2,700 a hannu. Tafiyarsa ta ragu kaɗan, amma ba ta tsaya ba.

Shiri yana farawa tun kafin a bar gida, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne wuni da yunwa wai don a tanadi wuri a ciki. Mai yunwa ba ya zaɓe, duk abin da aka fara ajiyewa a gabansa shi zai cinye. Ya fi kyau a yi karin kumallo da abincin rana kamar yadda aka saba, a ɗan rage mai da kayan zaƙi, sannan kafin fita a ci wani abu mai riƙe ciki, kamar dafaffen ƙwai ko 'ya'yan itace. Mai ciwon suga da yake amfani da insulin ko ƙwayoyin sauke suga, kada ya tsallake abinci sai da shawarar likitansa. Idan gidan abinci za a je, a duba jerin abincinsu a intanet tun hankali yana kwance, a tsayar da abin da za a ci. A Amurka tun 2018, a Ingila kuma tun 2022, doka ta tilasta wa manyan gidajen abinci rubuta yawan kalori a gefen kowane abinci, kuma inda babu wannan doka sai mutum ya dogara da abin da ya sani.

Abin da ya kamata ya sani kuwa shi ne cewa mai ne yake ɓoye mafi yawan kalori. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali na sitaci ko na furotin yana da 4, don haka babban cokali ɗaya na man girki ya kai kusan 120. Kifin da aka gasa da wanda aka tsoma a tafasasshen mai suna iya zama girma ɗaya a faranti, amma nauyinsu a jiki ba ɗaya ba ne. A fifita gasasshe da dafaffe a kan soyayye, a roƙi mai kawo abinci ya zuba miya ko kirim a gefe domin mutum ya ɗiba da hannunsa. Inda kowa yake ɗibar wa kansa, a fara zagaya teburin da ido kafin a ɗauki faranti, a cika rabinsa da ganye da kayan lambu, kwata da nama ko kifi ko wake, sauran kwatan da shinkafa ko dankali ko burodi. Binciken Barbara Rolls, masaniyar kimiyyar abinci a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, ya nuna cewa fara cin abinci da salak ko miya mai ruwa-ruwa marar maiƙo yana rage yawan abin da ake ci a zaman gaba ɗaya.

Abin sha ma wajibi ne a kula da shi, domin yana shiga ba tare da ya ƙosar ba. Gwangwanin lemon zaƙi mai mililita 330 yakan ƙunshi kimanin giram 35 na sukari, wanda ya zarce giram 25 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi alheri babba ya tsaya a kansa a rana. A ganina, idan abu ɗaya kawai mutum zai iya canzawa a wurin taro, to ya musanya lemo da ruwa. Game da kayan zaƙi kuma, a zaɓi guda ɗaya da rai yake so da gaske, a ci shi a natse.

Mutum yakan ci da yawa cikin jama'a fiye da idan yana shi kaɗai, saboda zaman yana tsawo kuma hira tana ɗauke hankali. A riƙa ajiye cokali tsakanin loma, a jira kamar minti 20 kafin a yanke shawarar ƙari, kuma a zauna nesa da teburin abinci. Idan mai masauki ya matsa, ba sai an yi masa bayanin tsarin rage ƙiba ba, domin bayanin yakan buɗe ƙofar gardama. Ya isa a yaba girkinsa da zuciya ɗaya, a ce, "Na gode ƙwarai, abincin ya yi daɗi, na ƙoshi." Sau da yawa abin da yake nema shi ne ya ga an ji daɗin karamcinsa.

Washegari sikeli yana iya nuna ƙarin kilo ɗaya ko fiye, kuma a nan ne gwiwar mutane da yawa take sanyi. Mafi yawan wannan nauyin ruwa ne, domin gishiri yana riƙe ruwa, kuma kowane giram na sitacin da jiki ya adana a hanta da tsoka yana tafiya da kimanin giram 3 na ruwa. Kada a hukunta jiki da yunwa ko motsa jiki mai tsanani. A koma abincin da aka saba tun daga karin kumallo, a sha ruwa sosai, a yi tattaki, sannan a bari sai bayan kwana biyu ko uku a sake hawa sikeli.