Darasi: Yadda za a kiyaye tsuntsuwar keji daga maƙalewar ƙwai

Tsuntsuwa mace tana iya yin ƙwai ko da babu namiji tare da ita. Masu ajiye aku, kanari ko ƙananan tsuntsayen nan masu launi da ake kira baji da kokatil sukan yi mamaki su wayi gari su tarar da ƙwai a gindin keji. Irin wannan ƙwai baragurbi ne, ba zai ƙyanƙyashe ba, amma wahalar da ya ba uwar ɗaya ce da ta ƙwai mai ɗa.

Ɓawon ƙwai da sinadarin kalsiyam ake yinsa, shi ne kuma sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Idan abincin tsuntsuwa ba shi da isasshensa, jikinta zai ɗiba daga ƙashinta. A kwana a tashi ƙashi ya yi rauni, ɓawo ya riƙa fitowa da taushi, naman da ke tura ƙwai waje ya rasa ƙarfi. Daga nan sai ƙwai ya tsaya a hanya. Wannan shi ne maƙalewar ƙwai, kuma yakan kashe ƙaramar tsuntsuwa cikin yini ɗaya ko biyu. Wadda ta yi ƙiba, da wadda ta fara ƙwai tun ba ta ƙosa ba, da tsohuwa, su ne suka fi faɗawa ciki.

Abin da ke sa ta yawan ƙwai

Tsawon haske ne ke gaya wa jikin tsuntsu lokacin haihuwa ya yi. A ƙasar Hausa dare da rana kusan daidai suke duk shekara, to amma fitilar lantarki, ta sola da talabijin suna tsawaita wa tsuntsuwa yini har tsakar dare. Ku kai keji wuri mai duhu marar hayaniya, ko ku lulluɓe shi da zane mai shan iska, ta samu duhun awa 12 zuwa 14.

Ku cire duk abin da ya yi kama da sheƙa: akwati, kwali, ƙwarya, tsumma, yagaggiyar takarda. In kukan sake ta a ɗaki, kada ku bari ta shige ƙarƙashin gado ko bayan kwaba. A cire madubi, domin takan ɗauki hotonta a matsayin miji. Shafa ma a yi hattara. Mai tsuntsu yana shafa mata baya da ƙarƙashin fiffike don ƙauna, ita kuwa jikinta barbara yake fahimta. A tsaya a kai da wuya. Sauya wa keji wuri lokaci zuwa lokaci shi ma yana rage mata sha'awar kafa gida.

Kada a ɗauke ƙwan

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sai su ga ƙwai su ɗauke, wai don ta daina. Baji da kokatil kuwa, in aka ɗauke musu, wani za su yi su maye gurbinsa, a sake ɗaukewa su sake yi, har jikinsu ya ƙare. Baji takan yi ƙwai 4 zuwa 6, tana tsallake kwana ɗaya tsakanin kowanne. Ku bar ta ta cika adadinta, ta yi kwancinta kamar mako 3, har ta gaji ta tashi don kanta. Sannan a kwashe. In akwai namiji kuma ba ku son 'ya'ya, ku dafa ƙwan, ku bari ya huce, ku mayar mata.

Abinci da rana

Gero, dawa da gyaɗa kaɗai ba su isa ba. Kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, gyaɗa kuma mai ta yi yawa. A haɗa mata da ganyen zogale da karas. Ɓawon ƙwan kaza ma magani ne da ke kowane gida: a wanke, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi, a riƙa barbaɗa kaɗan a abinci. Kada a ba ta piya ko kaɗan, guba ce ga tsuntsu. Jiki ba ya cin moriyar kalsiyam sai da bitamin D, shi kuwa daga hasken rana ake samu. A fitar da keji hantsi, rabi a inuwa, ana kula da kyanwa da shaho. Ranar da ta ratso ta gilashin taga ba ta yin wannan aiki.

Idan ƙwai ya riga ya maƙale

Za ku gan ta a gindin keji, gashi a tashe, ciki a kumbure, tana yunƙuri, jela na sama da ƙasa. Numfashi yakan yi mata wuya, kashi ya ragu ko ya tsaya, wani lokaci ƙafa ta mutu. Ku sa ta a ƙaramin kwali mai huji da tsumma mai laushi, a wuri mai ɗumi, musamman da hunturu. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da ƙyalle tana taimakawa. Ku ajiye mata ruwan sha kusa.

Don Allah kada a matsa mata ciki, kada a soka wani abu, kada a ɗura mata man gyaɗa ta baki ko ta ƙasa. Ƙwai in ya fashe a ciki, ɓawon yana yanka ta, ciki ya ruɓe. A garzaya asibitin dabbobi a ranar, ba sai gobe ba. Likita yana da allurar kalsiyam da hanyar fitar da ƙwan, kuma akwai allurar da ke dakatar da ƙwai ga wadda abin ya zame wa jiki.

Aikin gida

Kowa ya duba kejinsa ko na maƙwabcinsa, ya rubuta ƙarfe nawa ake kashe fitila a ɗakin, da abincin da ake ba tsuntsuwar. A zo da amsa aji na gaba mu karanta tare.