Yadda Laburare Zai Samu Kudin Kamasho Daga Masu Sayar da Littafi a Intanet

Laburare kullum kudi baya isa, ga sabbin littattafai ana so ga gyara, to akwai wata hanya mai sauki da ba sai an roki kowa ba.

Da farko ku yi rajista da sunan laburaren a tsarin kamasho, irin Amazon Associates da aka fara tun 1996, ko Bookshop.org wanda ya fito a 2020 yana ba da kashi 10 cikin dari. Za su baku link na musamman, duk wanda ya bi ta nan ya sayi littafi sai a yanko muku wani abu, shi kuma mai saye ko sisi ba a kara masa ba.

Inda aikin yake shi ne wajen sa link din. Ku sa shi a shafin laburaren na intanet, daidai karkashin littafin da aka ara aka bar mutane a layi suna jira, don wanda ya kagu ya karanta shi zai danna. A Amazon fa sai an yi ciniki uku ta link dinku cikin kwana 180 na farko bayan rajista in ba haka ba su rufe akawun, kuma basa yarda a buga link dinsu a takarda.

Dole ku rubuta karara cewa laburare na samun kamasho, gaskiya wannan ma yana kara wa mutane kwarin gwiwar saye. Kudin kuma su shiga asusun laburaren kai tsaye, kar a bi ta akawun din wani ma'aikaci.