Kurakuran da ke kayar da masu gina imej ɗin Docker

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga sababbin hannu a kan imej ɗin Docker, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki a kan sabar, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne laƙabin `latest`. Mutane sun ɗauka yana nufin sabon fitowa. Ko kusa. Suna ne kawai da Docker ke liƙa wa imej idan ba ka raɗa masa naka ba, kuma `docker run` ba ya sake jawowa muddin akwai mai wannan sunan a kan na'urar. Na taɓa kwana a ofis saboda shi. Sabar uku, kowacce na cewa `latest` ke kanta, ashe ɗaya tun makon jiya ta jawo, biyun kuwa da yammacin ranar. Kwastoma ya biya kuɗi, in ya faɗa kan tsohuwar sai rasit ya ƙi fita. Har aka kira assalatu ina lalube, sai da na buga `docker images --digests` na ga digest ɗinsu, wato lambobin sha256 da ke tantance kowane imej, sun sha bamban. Tun daga ranar, lambar commit ɗin git, wato lambar da ke nuna sigar kod ɗin, nake laƙaba wa kowane imej, sabar kuwa da digest nake jawo mata. Abokan aiki na cewa na cika tsanani, amma ban sake irin wannan kwanan ba.

Sai ku masu kwafar `.env`, fayil ɗin da ake ajiye kalmomin sirri, cikin imej, ku goge da `rm` a layi na gaba. Wa ya ce muku ya gogu? Hawa-hawa ake gina imej, kalmar sirrinku na kwance a hawan ƙasa, duk wanda ya yi `docker save` ya warware zai karanta ta. Ku yi amfani da `--mount=type=secret` na BuildKit, injin ginin Docker. In kun riga kun tura, ku canza kalmar yau, kada ku kai gobe.

In ka gina a Mac mai M1, sabar ta ce `exec format error`, to imej ɗin processor irin arm64 ka kai wa sabar mai amd64. Ƙara `--platform linux/amd64`. Rubuta `.dockerignore`, jerin abin da ba za a kwafa cikin imej ba, kada `node_modules` da `.git` su bi ka. Gini mai matakai, inda ake gini a mataki ɗaya a kwashe sakamakon kawai zuwa imej na ƙarshe, yana nan tun 2017, ba dalilin tura kayan gini zuwa sabar.

Da tsadar data a wajenmu, ba na bari kowace sabar ta je Docker Hub, babban rumbun imej na intanet, da kanta. Rumbu ɗaya nake tayarwa a cikin gida da imej ɗin `registry`, sauran su ɗiba daga nan.