Ƙanina mai shirin tafiya ƙasar Faransanci, ka yi hattara da Turancinka

Mu mutanen Katsina da Daura, Faransanci ba baƙo ba ne a kunnenmu. Duk wanda ya bi ta Jibiya ya shiga Maraɗi, ko ya bi ta Kongolam ya nufi Damagaram, ya ji ana cewa lakwal, wato makaranta, ana cewa mushe, wato malam. Sai dai a can Hausa tana fitar da mutum kunya a kasuwa da tasha da masallaci, tun ma kafin hukumomin Nijar su mai da ita harshen ƙasa a 2025. Maganata a nan da masu dogon zango ce, ƙannenmu maza da mata da ke shirin karatu ko aiki a Faransa, Beljiyam ko Kebek ta Kanada, inda babu Bahaushen da zai tsaya maka a gaban ma'aikacin ofis.

Yawancinku kuna tafiya da Turancin makaranta, kuna ganin tunda kalmomin sun yi kama, rabin aiki ya ƙare. A wasu wurare haka ne: accept da accepter, continue da continuer, duk abu ɗaya suke nufi. Amma a cikin kalmomin aikatau da za ka buƙata tun makon farko akwai masu kama da wane, kuma kama da wane ba ta wane.

Ɗauki attendre. Idonka zai ce maka attend ne, wato halarta. Ma'anarsa jira. In ma'aikaciya ta ce maka "attendez", ka nemi kujera ka zauna. Halartar darasi ko taro kuwa assister à ake cewa, wanda shi ma ba taimako ba ne a nan. Taimako aider ne. Demander tambaya ce ko roƙo cikin ladabi, babu tilas a cikinsa irin na demand, don haka kada gabanka ya faɗi in takarda ta zo da shi. Rester zama ne a wuri, hutawa kuwa se reposer. Blesser ji wa mutum rauni ne, ba sa albarka ba. Mu 'yan Najeriya mun saba da cewa makaranta ta yi resume, to résumer taƙaitawa ne, komawa aiki ko karatu reprendre ake cewa.

Wanda ya fi damuna saboda ɗalibai shi ne passer un examen. Zama jarrabawa kawai yake nufi, ba cin ta ba. Ci shi ne réussir. Yaro zai ji an ce "vous avez passé l'examen" ya ɗauki waya ya kira gida a yi ta barka, alhali sakamako bai fito ba. Haka kuma mutum ba a yi masa visiter, wannan na gari ne da gidan tarihi. In za ka gaida malaminka ko wani dattijo, rendre visite à za ka ce.

Ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu: sau da yawa Hausarka ta fi Turancinka kusa da Faransanci. Bature na Ingila yana faɗin shekarunsa da to be, Bafaranshe kuwa da avoir, wato mallaka. "J'ai vingt ans" daidai yake da "ina da shekara ashirin". Yunwa da ƙishirwa da sanyi da tsoro duk da avoir suke tafiya: j'ai faim, j'ai soif, j'ai froid, j'ai peur. In ka gama aiki ma "j'ai fini" za ka ce. Wanda ya biyo Turanci ya ce "je suis fini" ya shaida wa jama'a cewa tasa ta ƙare.

Haka know. Turanci ya dunƙule shi wuri guda, Faransanci ya raba shi biyu. Connaître na sanin mutum ne ko wuri. Savoir na sanin labari ne, kuma shi ne namu iya: "je sais conduire", na iya tuƙi; "je sais lire", na iya karatu. Kawo da kai ma suna nan yadda muka san su. Apporter kawo abu, emporter tafiya da shi, amener kawo mutum, emmener tafiya da shi. Shi ya sa mai sayar da abinci zai tambaye ka "sur place ou à emporter", a nan za ka ci ko a ƙulle maka. Har abin da za a yi nan gaba, aller, wato tafiya, suke sawa a gaban aikatau, "je vais payer", kamar yadda za ɗinmu na "za ni kasuwa" ya zama na "zan biya". Wannan kaɗai zai ishe ka watanni kafin ka koyi sauran sigogin.

Na kewa kam sai an haddace, domin a juye yake. "Tu me manques" ina kewarka ne, ba kana kewata ba. In jirgin ƙasa ya wuce ya bar ka kuwa, wanda shi ma miss ne a Turanci kamar kewa, rater ake cewa a bakin mutane.

Sai na ofis, waɗanda su ne ke hana baƙo barci: remplir cika fom, signer sa hannu, fournir kawo takardun da aka nema, joindre haɗa su da fom ɗin, déposer miƙawa, renouveler sabuntawa. A Faransa, mai bizar dogon zama irin ta ɗalibai dole ya yi mata valider, wato ya tabbatar da ita, ta intanet cikin wata 3 da isowarsa, kuma neman sabunta takardar zama ana fara shi ne tun da sauran watanni kafin ta ƙare. Duk inda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a wasiƙa, nemi ranar da aka rubuta kusa da ita ka sa a wayarka.

Ladabi kuma tarbiyyar gida ta riga ta yi maka rabinsa. Yadda ba ka ce wa mahaifinka ko hakimi "kai", sai "ku", haka vous yake ga malami da likita da ɗan sanda da duk wanda ba ku saba ba. Tu na abokai ne da yara, ka bari su fara. Kada ka ce "je veux", wato ina so, a kanti, yana da kaushi. "Je voudrais" ake cewa, bayan ka fara da bonjour. Shiga da buƙata ba gaisuwa abin kunya ne a can kamar yadda yake a Ƙofar Soro.

Kafin tafiya, ka haddace être (to be ɗin Turanci), avoir, aller da faire (yi) har su zauna a bakinka, don ba sa bin ƙa'ida kuma su ne ke cikin kusan kowace magana. Mafi yawan sauran suna ƙarewa da -er, tsarinsu ɗaya, in ka iya parler, wato yin magana, ka iya ɗaruruwa. Akwai Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci, a Kano ga mai halin zuwa, RFI kuma tana da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci da za ka iya saurara a waya. In akwai ɗan Maraɗi da ya yi lakwal a unguwarku, ka riƙa zama da shi bayan la'asar kana faɗi yana gyara maka lafazi.