Darasi na 7: Yadda Ake Yi wa Kayan Katako Fenti Sumul

Ɗora tafin hannunka a kan teburin da za ka yi wa fenti, ka shafa a hankali. Duk inda ka ji kaushi, fenti ba zai rufe shi ba, sai ma ya ƙara tona shi. Shi ya sa ake farawa da sanfefa, wato takarda mai kaushi ta goge katako. Ka goge da mai lamba 120, sannan ka bi da mai lamba 220, wadda ta fi laushi. Ka riƙa bin tsawon jijiyar katakon, kada ka gicciye ta. Ramin ƙusa a cike shi da foti, wato kwaɓin da ake toshe ramin katako da shi. Ƙurar kuma a share ta da tsumma mai ɗan laima. In tsohon fenti za ka kankare, ka sa takunkumi, don wani fentin yana ɗauke da dalma.

Shafin farko na faraima ne, wato fentin ƙasa. Katako yana shan fenti, kuma wani wuri ya fi wani sha. In babu faraima, aikin zai fito dabbare-dabbare.

Ga inda masu koyo suka fi ɓata aiki, kuma abin yana ba ni takaici: labta fenti da yawa don a gama da wuri. Sai ka ga yana zuba a ƙafar kujera kamar hawaye, ya bushe a haka. Ka motsa fentin sosai, ka tsoma sulusin gashin buroshi kawai. Fara da lungu da saƙo da gefe-gefe. Fili mai faɗi, kamar saman tebur, ka bi shi da ƙaramar rola ta soso, ba tare da dannawa ba. Tun fentin yana ɗanye, ka ja bakin buroshi sama-sama daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don ƴan kumfan da rola ta bari su kwanta. Da ya fara danƙo, cire hannunka. In ka koma, sawun buroshi zai zauna daram.

Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri kyau. Fentin ruwa yakan bushe cikin ƴan awoyi, na mai kuwa sai ya kwana. Duba abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Kafin shafi na gaba, ka ɗan goge da lamba 220. Yi aikin a inuwa, inda iska ke shiga amma babu ƙura.

Aikin gwaji: samo guntun katako. Rabi ka labta masa fenti sau ɗaya, rabi ka yi masa siririn shafi sau biyu. Bayan kwana biyu ka kawo aji, kowa ya shafa da hannunsa.