Fenti mai launin ganyen tumfafiya: inda ake kuskurewa

Kore mai toka-toka, irin na ganyen tumfafiya, ya samu shiga a faluka. Yana sanyaya ido a garin da rana ke dukan bango tun hantsi, sai dai launi ne mai saurin juyewa, kuma ba ya rufa wa aikin ganganci asiri.

Yawanci daga hoton waya ake zaɓensa, nan ne kuskuren farko. Launin da aka gani a waya daban, na bango daban. A sayi ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin mita 1 a bangon da ke fuskantar taga da wanda ke cikin inuwa, shafi biyu, a bar shi ya kwana. Fentin ruwa yakan ƙara duhu idan ya bushe. A duba da hantsi, da la'asar, da kuma dare, domin ƙwan lantarki ma da ta cewarsa: farin nan fat mai lamba 6500K a kwalinsa yana mayar da shi toka mai shuɗi-shuɗi kamar ɗakin asibiti, mai 2700K kuma ya rine shi da rawaya. Mai 4000K ya fi barinsa yadda yake.

Babbar ɓarna a wurin haɗi take. Mai fenti ya zuba kore da ɗigon baƙi cikin farin bokiti da ido, fenti ya ƙare a tsakiyar bango, ya sake haɗawa, sai ga bango ɗaya launi biyu. Da wuya haɗin ido ya maimaitu. A yi lissafi tukuna: ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayi mita 3, bangonsa kusan murabba'in mita 39 ne idan an cire ƙofa da taga. Lita 1 tana rufe kusan murabba'in mita 10 a bango mai santsi, ke nan shafi biyu zai ci lita 8 zuwa 10. A haɗa duka lokaci guda a babban mazubi, a ajiye lita 1 don gyara. In kuma koren ya yi tsawa, ba baƙi kaɗai ke kwantar da shi ba. Ɗigon ja yana kashe masa kaifi ba tare da ya dusashe ba.

Sai gaggawa, musamman in biki ya matso. Sabon fulasta na bukatar kwana 28 kafin a yi masa fenti. In ba a jira ba, kaifin siminti zai cinye launin, ya fito dabbare-dabbare, don haka a fara da shafin ƙarƙashi mai jure siminti. Idan gindin bango yana fitar da farin gari kamar gishiri, damshi ne. A toshe hanyar ruwan kafin a taɓa buroshi.

Kada ruwan sirki ya wuce lita 2 a bokiti mai lita 20, in ba haka ba farin ƙasa zai leƙo. A hunturu fenti na bushewa kafin rola ta dawo, sai layi-layi ya fito. A gama bango ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa, a kashe fanka, a rufe tagar da ƙura ke shigowa.

Fenti marar sheƙi ya fi kyau a ido, amma jar ƙura da hayaƙin turaren wuta da yatsun yara suna kama shi, kuma in an goge sai tabo. A falo da baranda a sa mai ɗan sheƙi wanda jiƙaƙƙen tsumma ke gogewa. Silin ya zama fari mai ɗan madara, labule kuma ruwan ƙasa ko ruwan zuma. Jan kafet mai tsawa faɗa yake yi da wannan launi.