Yadda za ki duba idon jaririnki a gida

Da farko ki wanke hannunki da sabulu. Ki tafasa ruwa, ki bar shi ya huce, ki jiƙa auduga mai tsabta ki goge kwantsar daga wajen hanci zuwa gefen kunne. Kowane ido da audugarsa.

Kada ki ɗiga masa nono. Kwalli ma ki haƙura, ko da kaka ta matsa ranar suna, domin wani kwallin yana da dalma a ciki.

Sai ki kai shi wajen haske ki kalli baƙin idonsa. Idan kin ga fari a tsakiya, ko fatar idon ta kumbura tana zubar da mugunya kafin ya yi wata guda, ranar za ki tafi asibiti, kada ki jira arba'in. A Kano akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ga kuma asibitin Malam Aminu Kano.

Wajen wata 3 ki motsa abin wasa mai launi a gabansa, ya kamata ya bi shi da ido. Harara-garke da ta wuce wata 6 sai likita.

Bakwaini kuwa, ki tambayi ranar gwajin idonsa tun kafin a sallame ku.